Mai Gida Ya Ƙara Kuɗin Haya: Ina Ɗan Haya Ya Tsaya?

Jama'a, a yawancin garuruwan Najeriya haya ta shekara ake biya, shi ya sa labarin ƙari yake zuwa a ƙurarren lokaci. Wani mai gidan zai aiko ejan ko mai kula da gida ya faɗa maka da baki. Wani saƙon WhatsApp zai turo. Mai tsari a cikinsu shi ne wanda lauyansa zai rubuto takarda ɗauke da tsohon kuɗi, sabon kuɗi, da ranar da ƙarin zai fara aiki.

To, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan takarda tayi ce kawai. Kotunan Najeriya sun sha yanke hukunci cewa mai gida ba shi da ikon ƙara kuɗi shi kaɗai, domin haya ciniki ne tsakanin mutum biyu. Kana iya amincewa, kana iya neman ragi, kana iya ƙi. Amma fa ka kiyaye, in ka biya sabon kuɗin ko sau ɗaya, ka amince ke nan.

Idan ka ƙi fa? Sai mai gida ya bi hanyar tashinka, ita kuma tana da ƙa'ida. Mu ɗauki Legas, inda 'yan uwanmu suke haya a Agege da Idi-Araba. Dokar haya ta jihar, ta shekarar 2011, ta ce in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata 6. Bayan nan sai wani notis na kwana 7, sannan a je kotu. Sashe na 37 ma ya ba ɗan haya damar kai ƙara cewa ƙarin ya wuce kima, alƙali ya duba nawa ake biya a unguwar, kuma ba a tashinsa har a gama shari'a. Sai dai dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne yarjejeniyar da aka rubuta mata ranar ƙarewa. Irin wannan, da wa'adi ya cika ba maganar wata 6, notis ɗin kwana 7 ya wadatar. Saboda haka ɗauko takardarka yau ka karanta, kada ka bari sai ejan ya buga ƙofa.

Kuma duk amsar da za ka bayar, ka rubuta ta, ka adana rasit ɗinka. In mai gida ya fusata ya canja makulli ko ya yaye rufin ɗaki don ya kore ka, a Legas laifi ne mai tarar da ba ta wuce naira 250,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba.