Darasi: Furosesar fayawol ɗinka tana nuna 806, cuta ce ko lafiya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyarmu, barkanku da wannan lokaci. Muna nan a shago a Jos, hunturu ya kankama, shi ya sa kuka gan ni cikin rigar sanyi. Ƙanena, matso da kyamara kan teburin nan, su ga akwatin da kyau.

Wannan ƙaramar kwamfuta ce marar fanka, jikinta ƙarfe ne mai haƙarƙari, tana da ƙofofin waya huɗu. Aikinta gadin ƙofa: duk abin da zai shiga ko ya fita tsakanin ofis da intanet, ta hannunta yake bi. Abin da muke kira fayawol ke nan, katangar tsaro. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Intel N100, wadda ta fito a farkon 2023, mai ƙwaya huɗu, wato sassa huɗu da kowane ke aikinsa, gudunta na ƙoli gigahaz 3.4. Manhajar da ke kanta pfSense ce. Wanda ke amfani da OPNsense, wadda ta ɓalle daga pfSense a 2015, shi ma ya tsaya ya saurara, don uwarsu ɗaya, FreeBSD, babbar manhajar da aka gina su a kanta, kuma umarnin da zan buga iri ɗaya ne.

Wani bawan Allah mai ofis wajen Terminus ne ya kawo ta, ransa a ɓace. Ya ce, Malam, an cuce ni, an ce mini 3.4, ga shi shafin farko na pfSense yana nuna mini megahaz 806, ko gigahaz ɗaya bai kai ba. Na ce, Alhaji, zauna ka sha shayi, kafin mu zargi kowa bari mu tambayi na'urar da kanta.

Abu na farko, kuma don Allah ku riƙe shi, domin a nan yawancin mutane ke ɓata kwana biyu a banza: ka gano wane ne ke riƙe da linzamin furosesar. Direbobi biyu ne, kuma ba sa tuƙi tare. Tsohon tsari sunansa SpeedStep. A nan manhaja ce ke ba da umarni, ta hanyar wani ɗan aike da ake kira powerd. Yana leƙa nauyin aiki lokaci zuwa lokaci, ya ce wa furosesa hau, ko sauka. Sabon tsari kuwa Speed Shift ne, ya zo da zuriyar Skylake a 2015, FreeBSD kuma ta karɓe shi a fitowa ta 13. A wannan tsarin furosesa ce ke yanke wa kanta hukunci, da sauri fiye da yadda wata manhaja za ta iya. Idan wannan ne ke aiki a akwatinka, ka kunna powerd, ka kashe, ka sa saitinsa a hiadaptive, ka mayar maximum, duk ɗaya ne. Kana ta murza sitiyarin da ba a haɗa shi da tayoyi ba.

To yaya za ka gane? Ka shiga ta SSH, wato daga wata kwamfutar ta hanyar sadarwa, ko ka haɗa allo, ka danna 8 a jerin zaɓi, ya buɗe maka wurin buga umarni. Sai ka rubuta:

sysctl dev.cpu.0.freq_levels

Ku duba allon. Abu ɗaya tak ya fito: 806/-1. Da tsohon tsari ne, da kun ga dogon jeri kamar matakalar bene, kowane mataki da lambarsa. Kuma a irin wancan jerin, idan na farko ya ƙare da 1, misali 2001 sannan 2000 ya biyo shi, wannan ɗayan da ya yi tsalle alama ce ta turbo, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi idan aiki ya yi nauyi, ba kuskuren rubutu ba ne. Amma a nan mataki ɗaya ne. Mu ƙara tabbatarwa:

sysctl dev.hwpstate_intel

Ga layuka sun fito, daga ƙwaya ta 0 har ta 3. Shi ke nan, Speed Shift ne ke tuƙi. Wannan 806 da ya tayar wa Alhaji hankali shi ne gudun tushe na N100, ba iyakarta ba.

Amma ni ba na son a yarda da magana ta baki, sai an gani. Na buɗe taga biyu. A ta farko na buga sh, sannan na sa wannan ya riƙa karanto mini gudun duk daƙiƙa:

while true; do sysctl -n dev.cpu.0.freq; sleep 1; done

A ta biyu zan ɗora mata kaya, in buga openssl speed. Ƙanena, nuna taga ta farko. Kun ga? Tana zaune a ƙasa, yanzu ta haura dubu uku. Na tsayar da aikin, ta sake sauka. Lafiyarta ƙalau. Haka ya kamata ta yi, kamar ɗan acaɓa da ke jiran fasinja, ba zai zauna yana ta murza totur yana ƙona mai ba.

Yanzu, idan kana son ka sa baki a tuƙin, akwai ƙofa guda. Ana kiranta epp, lamba ce daga 0 zuwa 100. Sifili na nufin gudu kawai, ɗari kuma tsimin wuta kawai. Za ka iya gwadawa nan take da sysctl dev.hwpstate_intel.0.epp=80, amma da zarar an sake kunna na'urar zai goge, sai ka ajiye shi a System Tunables. Sababbin fitowar pfSense ma sun sa masa wurinsa a System, Advanced, Miscellaneous. Akwai kuma machdep.hwpstate_pkg_ctrl, wanda idan ka mayar da shi 0 kowace ƙwaya za ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. Wannan sai an sake kunnawa yake kamawa, kuma a pfSense wurinsa /boot/loader.conf.local ne, domin loader.conf na asali manhajar kan sake rubuta shi.

Ra'ayina kan wannan lamba: kada ka kai ta 100 a fayawol. Dalili shi ne, wasu ayyukan nan ƙwaya ɗaya suke hawa su zauna. Idan layinka na intanet PPPoE ne, irin wanda ake haɗawa da suna da kalmar sirri, ko ma'aikatanka suna shigowa daga gida ta OpenVPN, manhajar shiga ofis daga nesa, nauyin yakan taru wuri guda. Sai ka ga shafin farko yana cewa aiki kashi 25 ne cikin 100, ka ɗauka na'urar hutawa take yi, alhali ƙwaya ɗaya cikin huɗu ta cika maƙil. Ka buga top -P za ka ga kowace da nauyinta. Idan ka danne gudun wannan ƙwayar, kai da kanka ka shaƙe layinka. Ka fara daga tsakiya, ka ƙara goma-goma, kana gwada saurin intanet a kowane mataki.

Mai tsohuwar na'ura, wanda ya ga dogon jeri, naka mai sauƙi ne. Kunna PowerD, ka zaɓi hiadaptive a duka gurabe ukun, har da na Unknown, saboda yawancin akwatunan nan ba su san ko a kan wutar gari suke ko batir ba. Idan har jerin bai fito ba sam, to wataƙila an kashe SpeedStep a bayos, wato saitin na'ura da ake shiga tun kafin manhaja ta tashi, can za ka je.

To, mu zo kan cutar gaske, wadda ta fi ba ni wahala a aikin nan. Ita ce ka ɗora kaya, gudun ya hau, bayan ɗan lokaci ya faɗo ya ƙi tashi. Mu a Jos mun saba cewa ai garinmu sanyi ne, zafi ba zai dame mu ba. Na taɓa zuwa wani ofis da ke kukan intanet na rarrafe duk bayan azahar. Da na buɗe durowar ƙarfen da suka kulle akwatin a ciki, tare da inbata da cajar batir, wani hucin zafi ne ya bugi fuskata. Na ɗora hannu a kan akwatin, sai da na janye. Ƙurar hunturu ta cike tsakanin haƙarƙarin kamar an yayyafa garin masara, ga fayil ɗin takardu an ɗora a kai. Akwati marar fanka jikinsa ne fankarsa. Ka rufe jikin, ka toshe masa numfashi. Sanyin da ke waje bai shiga durowa ba.

Don ka auna, je ka Thermal Sensors ka zaɓi na Intel, ko na AMD idan ita ce, sannan ka buga sysctl -a | grep temperature. Hattara da layin da ke ɗauke da tz0. A akwatuna da yawa yana nuna 27.9 dare da rana, ba ya motsi, lambar ado ce. Layukan dev.cpu ne ke faɗin gaskiya. Iyakar N100 digiri 105 ce, kuma idan ta kusanto can za ta rage gudu don ta ceci kanta. Idan ƙwayoyin sun yi zafi sosai amma murfin yana da sanyi, wannan ma labari ne: zafin ba ya isa ƙarfen. Buɗe, ka sabunta man da ake shafawa tsakaninsu, ka ɗaure kusoshin daidai.

Idan kuma zafi bai yi yawa ba, amma gudun ya maƙale a ƙasa, ka dubi adafta. An sha kawo mini akwati da adaftar da aka ciro daga wata na'ura, bakin ya shiga, volt 12 ne, amma amfiyarta ba ta kai ba. Karanta abin da aka rubuta a ƙasan akwatin, ka kwatanta da na jikin adaftar. A bayos kuma akwai PL1 da PL2, iyakar wutar da aka yarje wa furosesa ta sha, na dogon lokaci da na ɗan lokaci. Kafin ka taɓa su, ɗauki hoton yadda ka same su.

Saura batun batir, wanda na san shi ya fi damun masu sola. Mu yi lissafi. A ce akwatinka na shan wat 10, a awa 24 wat-awa 240 ke nan. Tsohuwar babbar kwamfuta mai shan wat 60 za ta sha 1,440. Batir mai volt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400 a takarda, kuma rabi ya kamata ka ci idan na ruwa ne. Kun ga babban tsimi yana wajen zaɓen na'ura. Bayansa sai barcin furosesa, wanda sau da yawa ya fi rage gudu amfani lokacin da ba aiki. Buga sysctl dev.cpu.0.cx_supported ka ga matakan barcin da take da su, cx_usage kuma ya nuna maka wanda take shiga. Idan C1 kaɗai take taɓawa, wato barci mafi sauƙi, gwada hw.acpi.cpu.cx_lowest=C2, ka bar ta kwana biyu kana lura, domin wasu akwatunan kan ƙame idan barcin ya yi nisa. Kada ka yi wannan gwajin daga nesa, ka yi shi ranar da hannunka zai iya kai wa maɓallin.

Wannan na Alhaji dai na bar epp ɗinsa a 60, na hure masa ƙura, gobe da safe zai aiko a ɗauka. Ƙanena, miƙo mini waccan baƙar adaftar da mitar awon wuta, mu gwada ta kafin a kira la'asar. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.