Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni daga masu horar da ƙwallon kwando na Argungu

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, wakilin Mai martaba Sarkin Kabi, iyayenmu malamai da shugabannin makarantu, sannunku da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya, Allah ya huci gajiya. Baƙon Argungu yawanci Matan Fada ake kai shi ya ga kifi, kai kuwa yau filin ƙwallon kwando muka jawo ka.

Mun ga ya dace mu waiwayi kakar 2024 ta Rivers Hoopers ta Fatakwal a gasar BAL ta ƙwararrun ƙungiyoyin Afirka, don da ita muke yi wa yaranmu misali. A 2021 ƙungiyar ba ta fita daga rukuni ba. A 2023 Kwara Falcons ce ta wakilci Najeriya, ta dawo ba nasara ko ɗaya. Sai ga Hoopers a watan Mayun 2024 a Dakar ta zo ta ɗaya a rukunin da ya haɗa ta da AS Douanes ta Senegal, da US Monastir ta Tunisiya, da APR ta Ruwanda. A Kigali ta fitar da Monastir, Al Ahly ta Libiya ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe, sai Hoopers ta huce a kan Cape Town Tigers ta karɓi matsayi na uku. Petro de Luanda ta Angola ce ta ɗauki kofi, kocin Hoopers kuma, Ogoh Odaudu, aka zaɓe shi gwarzon koci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne zangon Dakar: wasa shida cikin kwana tara. Kowane wasa minti 40 ne, kashi huɗu na minti goma-goma, wanda ya yi laifi biyar kuma ya fita ke nan. Ƙungiyar da ta dogara da mutum biyar kaɗai, kafin wasa na huɗu ƙafafu sun yi nauyi, jifa ta fara tsayawa a bakin ƙarfen kwando, mai tsaro ya koma riƙe riga maimakon matsa ƙafa, laifuffuka su taru. Shi ya sa muke son a riƙa horar da goma sha biyu tare, ba gwanaye biyar da 'yan kallo ba.

Na biyu agogo ne. Daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa, in ƙwallo ta taɓa ƙarfe ta dawo hannunta a ba ta 14. Yaron da ya tashi ba wannan agogo ya saba tamɓara ƙwallo son ransa, ranar da ya je gasa usur ne zai riƙa katse shi.

Sai fili. Tsawonsa mita 28, faɗi 15, kwando a tsayin mita 3.05, layin maki uku mita 6.75. In kwandon ya sunkuya ko da faɗin yatsu uku ne, hannun yaro zai haddace jifar da ba daidai ba, gyaranta kuwa ya fi koyarwa wuya. Siminti ma yana cin gwiwa, yana cinye fatar ƙwallo, ga ranar Maris da Afrilu da ba ta barin atisaye sai bayan asuba ko bayan la'asar.

Roƙonmu ke nan, ranka ya daɗe: agogon daƙiƙa 24 guda biyu, ƙwallaye lamba 7 na maza da lamba 6 na mata, fitilu don atisayen dare, da gasa mai jadawali tsakanin Argungu, Birnin Kebbi, Jega, Yauri da Zuru. Yara sun shirya, muna roƙon ka jefa musu ƙwallon farko.