Dodon Kowa Daban: Lacca a kan Littafin Tolkien da Fim ɗin Peter Jackson

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, na gode da wannan gayyata. An ce minti arba'in aka ba ni, saboda haka ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Duk wanda aka taɓa yi wa tatsuniya yana yaro ya ɗaga hannu. Madalla, kusan kowa. To, wani ya gaya mini, yaya kamannin Dodo suke? (Dariya.) Ga wata 'yar'uwa can ta ce gashi gare shi har gadon baya. Wannan ya ce ido ɗaya. Ni nawa Dodon ko fuska ba shi da ita, wata inuwa ce a bayan rumbun kakata. Kaka "Dodo" kawai take cewa, kowane yaro ya ƙera nasa a zuci. Ranar da wani ya ɗauko kyamara ya ce zai nuna mana Dodo, dole ya zaɓi ɗaya, mu kuma sauran mu ce wallahi ba shi ba ne.

Wannan rigima ce na zo da ita yau, amma daga Ingila na ɗauko ta. J.R.R. Tolkien farfesa ne a Jami'ar Oxford, masanin tsohon Turanci. A 1954 da 1955 aka buga littafinsa The Lord of the Rings a juzu'i uku. Ni Sarkin Zobba nake ce masa da Hausa, ɗaya kalmar da za ta fara zuwa bakinku a fassarar "Lord" ba ta dace da zobe ba. Labarin a taƙaice: wani zobe ne wanda duk mai riƙe da shi zai iya mallake duniya, amma sai ya cinye masa zuciya tukuna. Ya faɗo hannun wani ɗan gajeren taliki mai suna Frodo, daga wata al'ummar manoma da ake kira Hobit, waɗanda ba su da buri da ya wuce ci da barci. Shi aka ɗora wa nauyin kai zoben dutsen wutar da aka ƙera shi, ya jefa shi ciki.

Tun Tolkien yana raye aka fara zawarcin littafin. A 1957 wasu Amurkawa suka kawo masa tsarin fim. Da ya karanta, a 1958 ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa yana bin tsarin ɗaya bayan ɗaya yana tsefewa. Abin da ya fi ɓata masa rai har da manyan mikiyoyin nan na labarin: shi da ƙyar yake fito da su, sai an kai maƙura, su kuwa sun mai da su motar haya, ko'ina za a je sai a hau mikiya. Amma kada ku ɗauka waliyyi ne. Shi da mai buga masa littafi sun yi shawara cewa ɗayan biyu ne, ko a ba su ikon sa baki a aikin, ko a cika musu aljihu. A 1969 ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin yin fim, ya rasu a 1973 bai ga komai ba. A 1978 Ralph Bakshi ya yi na katun, ya tsaya a wajen rabin labari, kashi na biyu kuma har yau shiru. Masu son littafin suka sa a ransu cewa wannan labari ba ya yiwuwa a majigi.

Sai ga labari a ƙarshen shekarun 1990 cewa wani mutumin New Zealand, Peter Jackson, zai yi. Wane ne shi? Mutumin da ya yi suna da finafinan ban tsoro masu araha, jini faca-faca. Kamar a ce maka mahauci ne zai yi wa ɗanka tiyata. Kamfanin Miramax da ya fara riƙe aikin ya so a dunƙule komai a fim ɗaya. Jackson ya kai tallar aikin New Line Cinema yana roƙon a bar shi ya yi biyu, shugaban kamfanin, Robert Shaye, ya ce ai uku ya kamata. Aka fara ɗauka a watan Oktoba 1999, aka gama a Disamba 2000, kwana 274 ana aiki, finafinai uku a tashi ɗaya, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 280. Da na farko ya faɗi, da kamfanin ya durƙushe.

Shekara biyun nan na jira su ne abin nazari. A watan Afrilu 2000 aka saki 'yar gajeriyar talla a intanet, cikin kwana ɗaya aka sauke ta fiye da sau miliyan ɗaya da rabi, a zamanin da saukar da hoto ɗaya ma sai ka sha shayi ka dawo. Mutane suna laɓewa a bayan shinge suna ɗaukar hoton wurin aiki. To me suke tsoro?

Suna tsoron fikafikai. Akwai wani ifiritu na wuta da inuwa a littafin, Balrog. A wani layi Tolkien ya ce inuwarsa ta bazu kamar fikafikai, can gaba kaɗan kuma ya ambaci fikafikan kamar da gaske akwai su. Shekaru masu karatu suna musu, ga shi yanzu kyamara za ta yanke hukunci. Dodon kakata ke nan. Jackson ya sa masa fikafikai, kuma duk da haka ya bar shi ya faɗa rami. (Dariya.) Suna tsoron Arwen, budurwar da littafi bai ba ta wuri sosai ba, da aka ji Liv Tyler ce za ta fito kuma an ba ta takobi da doki. Suna tsoron shekarun Frodo: a littafi yana da shekara 50 ya bar gida, bayan shekara 17 zoben yana ajiye a wurinsa, shi kuwa Elijah Wood yana da 18 aka fara ɗauka. Sannan babban makoki, an cire Tom Bombadil, wani dattijo mai waƙe-waƙe a daji wanda ya cinye kusan babi uku.

Aka saki fim na farko a Disamba 2001, kuma yawancin wannan fargaba ta bi iska. Jackson ya yi wayo: ya ɗauko Alan Lee da John Howe, masu zanen da hotunansu suke cikin littattafan da mutane suka riga suka saba gani, ya ce su zana masa duniyar. Wato ya aro Dodon da ya fi yawan masu shi. Ni kaina a faifan kasuwa na fara kallo, irin mai ɗauke da finafinai barkatai, hoton yana rawa, amma da aka nuno ƙauyen Hobit sai na ji kamar na taɓa kwana a can.

Akwai ma wuraren da zan ce fim ya fi littafi, ko da za a jefe ni. Mutuwar Boromir, jarumin da zobe ya ruɗa sannan ya tuba: a littafi an gama harbinsa muka iske shi, a fim muna gani kibiya tana shiga yana sake miƙewa. Gollum, wannan ƙanjamammen da zobe ya lalata, wanda aka bi motsin jikin Andy Serkis aka zana da kwamfuta, yana gardama da kansa cikin dare. Da wutar neman agaji da ake kunnawa daga wannan tsauni zuwa wancan, abin da littafi ya ambata a gurguje, fim kuma ya sa kiɗan Howard Shore ya mai da shi abin da ke sa tsigar jiki tashi.

To ina ƙorafina? Yana inda ba a sa ido ba lokacin jira.

Akwai wani mutum a juzu'i na biyu, Faramir, ƙanen Boromir ɗin nan. Ƙasarsa tana bakin halaka, ubansa ba ya ganinsa da gashi, ga Frodo ya faɗo hannunsa a daji da zoben a wuya, ga dakaru a bayansa. Tun kafin ya san mene ne abin ya riga ya faɗa cewa ko a bakin hanya ya tsince shi ba zai ɗauka ba. Da ya gane, ya tsaya a kan maganarsa, ya yi musu guzuri ya sallame su. A fim na biyu, na 2002, Faramir kama su ya yi, ya ce zoben na ubansa ne, ya tasa ƙeyarsu har Osgiliyat, wani rusasshen birni na ƙasarsu, sai can daga baya ya sauya ra'ayi.

Marubutan fim ɗin, Jackson da Fran Walsh da Philippa Boyens, ba su ɓoye dalilinsu ba. Na ɗaya, sun ɗage wani babban haɗari da Frodo zai shiga zuwa fim na uku, sai ya rage ba shi da abin karo a na biyu. Na biyu, sun ce sun shafe sa'o'i suna nuna wa mai kallo cewa zoben nan ba ya ƙyale kowa, idan wani ya zo ya kau da kai cikin sauƙi, zoben ya zama ƙarfen banza. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Amma ku lura, ba Faramir kaɗai aka yi wa haka ba. Aragorn na littafi ya san shi magajin sarauta ne, yana yawo da karyayyen takobin kakansa yana jiran lokaci. Na fim gudun sarautar yake, sai an lallashe shi. Manyan halittun nan masu kamar bishiya, a littafi taro suka yi suka yanke shawarar yaƙi da kansu. A fim ƙi suka yi, sai da aka yi musu dabara. Duk wanda Tolkien ya rubuta da tsayayyar zuciya, fim sai ya sa masa kokwanto tukuna, don ka'idar masu rubuta fim a can ita ce dole jarumi ya fara a karkace sannan ya miƙe.

Mu kuwa mun san wani irin mutum da wannan ka'ida ba ta san da shi ba. Muna ce masa mai wadatar zuci. Kowa a nan ya san wani dattijo a unguwarsu da aka kai wa abin duniya ya ce a mayar, bai yi gumi ba, bai kwana yana juyi ba, don yaƙin da zai yi da zuciyarsa ya gama shi shekara talatin da suka wuce. Shi ne Faramir. Ba raina ƙarfin zoben ya yi ba, saninsa ne ya sa ya ƙi matsawa kusa. Har Bombadil da ban yi kukan cire shi ba, shi ne ya sa zoben a yatsa bai ɓace ba, alhali wasu in sun sa shi ɓacewa suke yi daga gani, ya miƙa wa Frodo abinsa yana dariya. An cire wancan, an tanƙwara wannan, sai fim ya wayi gari yana faɗin abin da littafi bai faɗa ba.

Ƙorafina na biyu ya fi mini ciwo. A littafi, bayan an hallaka zobe an naɗa sarki, Frodo da abokan tafiyarsa Hobit uku sun koma gida suka tarar an ci garinsu da yaƙi ba su nan. An sare bishiyoyi, an kafa doka a kan komai, hayaƙi yana tashi, wasu 'yan gari sun zama karnukan farautar azzalumi. Sai da suka sake ɗaura ɗamara a ƙofar gidansu. Da aka kama Saruman, wanda ya ƙulla abin, Frodo ya hana a kashe shi, bawan Saruman ɗin ne ya yanka shi. Tolkien ya je fagen Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916, kuma shi da kansa ya rubuta cewa kafin 1918 aminansa duk sun mutu sai ɗaya. Ya kuma rubuta cewa wannan babi yana cikin tsarin labarin tun farko. Mutumin da ya dawo daga fagen fama ne yake gaya maka cewa gidan da ka fita domin karewa ba zai tsaya yana jiranka yadda ka bar shi ba.

A fim na uku, na 2003, sun dawo sun tarar da komai lafiya lau, ko kaza ba ta ɓata ba. Na san dalili: fim ɗin ya riga ya haura sa'a uku da minti ashirin, mutane suna ta miƙewa a sinima suna zaton an gama. Ko mutuwar Saruman ma cire ta aka yi, Christopher Lee da ya fito a matsayinsa ya ji haushi ƙwarai, sai a dogon faifan gida aka mayar da ita, a wani wuri daban. Zan yi musu adalci guda: akwai inda su huɗun suke zaune a mashaya shiru, suna kallon juna, jama'a kuma suna can suna yaba wata ƙatuwar kabewa. Wannan minti ɗaya ya ɗauko wani abu daga babin. Amma baƙunta ya nuna, bai nuna asara ba.

Duniya dai ta yanke nata hukunci. Finafinan uku sun tara kusan dala biliyan 3 da lambar Oska 17, na ƙarshen shi kaɗai ya kwashe 11, duk rukunin da aka sa shi ya ci. Ɗan marubucin kuwa, Christopher Tolkien, ya gaya wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an farke cikin littafin ubansa an mai da shi fim ɗin faɗa na matasa. Ni ina tsakani, amma na fi kusa da masu tafi. Ina kallonsa duk shekara. In an zo wajen Faramir ne nake tashi in ɗora ruwan shayi.

Shugaba yana nuna mini agogo. Tambaya ɗaya? To, bismilla.

(Wata ɗaliba ta tambaya: da za a ba shi Ruwan Bagaja ya mai da shi fim yau, me zai cire, me zai bari?)

Kin kama ni, 'yata. Mu ma ai muna da tarihin wannan aiki, tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, wanda ya fito a 1934, garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa suna da yawa, zan zubar da rabinsu ban waiwaya ba. Aljannu ma kwamfuta ta zana su yadda ta ga dama, za ku ce ba haka suke ba, ku gaji ku bari. Inda zan kafe shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Na tabbata furodusa zai zo ya ce fim yana bukatar bos, a mai da Zurƙe mugu, a mai da Alhaji salihi. Alhali Alhaji shi ma ɗan duniya ne, yau ya yi wa Zurƙe tsiya, gobe Zurƙe ya rama, kuma a ƙarshe shiryawa suka yi. Ranar da furodusa ya kawo mini wannan magana, ranar zan mayar masa da kuɗinsa, in dai ban riga na taɓa su ba. (Dariya.)

Na gode. Wassalamu alaikum.