Fodkas: Kallon Tsuntsaye a Dagona

Sani: Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da aka watsa hotunan Dagona a zaurenmu na WhatsApp saƙo bai yanke ba. Kowa tambayarsa ɗaya: wai da gaske mutum zai tashi takanas ta Kano don ya kalli tsuntsu?

Binta: Ni ma abin da na tambaya ke nan, Yaya Sani.

Sani: To ki saurara. Dagona tana Jihar Yobe, cikin dausayin Hadejia-Nguru, kuma ɓangare ce ta gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. In sanyi ya matsa a Turai da Rasha, ruwa ya daskare, sai agwagi su taso su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun nan tun wajen Nuwamba, ba za su koma ba sai Maris. Ɗan tsuntsun da za ki ɗauka a hannu ɗaya, ya ratso hamada da fiffikensa. Wannan bai isa a je a gani ba?

Umar: Ga kuma 'yan gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe.

Sani: Su ai kullum suna nan. Amma fa sai ka yi sammako. Kafin rana ta ɗaga ka shiga kwalekwale da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, ka sa kaya marasa ɗaukar ido, ka kama bakinka.

Binta: Kama baki? To Umar ya fita daga tafiyar.

Umar: Haba Anti Binta! Ni da zan ɗauko muku bidiyo.

Binta: Da wace waya? Wadda in ta yi ƙara har maƙwabta ke amsa sallama?

Umar: Na rage mata murya.

Binta: Ko a ɗaurin auren nan haka ka ce, sai ga ta ta katse liman.

Umar: Wannan ai kiran gaggawa ne!

Binta: To su agwagin ma gaggawar za su yi, su koma Rasha tun Disamba.

Umar: Sai in bi su da bidiyon.

Sani: Ku tsaya, ku tsaya. Waya ba ta wannan aikin, madubin hangen nesa ake riƙewa. Kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wurin yana ƙanƙancewa muna kallo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan duk shekara ta ragu. Ga kuma kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, masunta ba sa iya wucewa, manoma sun rasa gonaki. Mutum zai ce ina ruwansa da tsuntsu, alhali ruwan da agwagwa ke sauka a kai shi ne wanda makiyayi ke shayar da shanu.

Binta: Ai na ji an sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi.

Sani: Tafkin Nguru ne na farko a Najeriya, a shekarar 2000, Dagona ta biyo baya a 2008. Amma takarda ba ta cire kacala. Ku dubi Djoudj a Senegal, inda kwasakwasa ke taruwa dubbai. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981, baƙi na zuwa, masu kwalekwale na samun na kansu. In mu ba mu je namu ba, wa zai matsa a gyara shi?

Umar: Ni dai gauraka nake son gani, mai rawanin nan.

Sani: Ita kam sai mai rabo, ta yi ƙaranci sosai yanzu. Kuma kafin kowa ya kama hanya, ya tuntuɓi hukumar gandun ya ji halin tsaro da na hanya.

Binta: Yaya Sani, mun yi alkawarin lissafa kayan da za a riƙe, ga lokaci ya ƙure.

Sani: Hula, ruwan sha, maganin sauro. Sauran sai mako mai zuwa. Umar, wayarka ce ke ƙara?

Umar: Ba tawa ba ce!