Faɗuwar da ba ta kai ƙasa: lacca kan 'yan sama-jannati da rashin nauyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Kusan kowa a nan ya taɓa ganin bidiyon 'yan sama-jannati a waya. Mutum yana lilo a cikin kumbo, gashin kansa a miƙe, ruwa ya dunƙule a gaban fuskarsa yana rawa, ya kai baki ya zuƙe. Duk wanda ka tambaya dalili, sai ya ce maka ai can sama babu jan ƙasa. Na ji wannan amsa a bakin ɗalibai, na ji ta a rediyo, har a bakin wasu masu koyarwa. Ba haka ba ne, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya rushe ta.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ake ɗaukar yawancin bidiyon nan, tana kimanin kilomita 400 ne a samanmu. Wanda ya yi Kano zuwa Abuja a mota ya ci tazarar da ta kai haka. Ita kuwa duniya, daga tsakiyarta zuwa inda muke zaune, kilomita 6,371 ne. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa jan da duniya ke yi wa abu yana raguwa ne gwargwadon nisansa daga tsakiyarta: in nisan ya ninka biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. To, ƙara 400 a kan 6,371, me ka ƙara? Jan ƙasa a inda tashar take ya kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ciki a ɗakin nan. Da za a gina bene mai tsawon kilomita 400, mai nauyin kilo 70 ya hau can ƙololuwa ya taka sikeli, zai ga wajen 62. Ba zai tashi sama ba, ƙafarsa na nan daram a daɓe. Kai, Wata ma da ke nisan kilomita 384,000, jan duniyar nan ne ya riƙe shi.

To in jan yana nan, ina nauyin ya tafi?

A nan nake so ku ba ni hankalinku. Yanzu da kuke zaune, abin da kuke ji a jikinku kuna kira nauyi, kujera ce take tokare ku. Duniya na jan ku ƙasa, kujera ta hana ku tafiya, wannan matsin shi jiki yake ji. Shi jan kansa ba a jin sa, domin yana jan kai da ƙashi da hanji da jini gaba ɗaya, babu inda ya fi wani. Sikeli ma matsin ƙafarka yake aunawa. Ka hau sikeli a cikin lif, na'urar nan ta hawa bene, Allah ya kiyaye, igiyar ta tsinke. Kai kana faɗuwa, sikelin na faɗuwa, daɓen lif ɗin na faɗuwa, duka da sauri ɗaya. Ƙafarka ba ta danna komai, domin abin da za ta danna yana gudu a ƙarƙashinta. Allurar sikeli za ta koma sifili. Ka saki makullin da ke hannunka, zai tsaya a gaban idonka.

Bari in nuna muku. Ga gorar ruwa, na huda ta da ƙusa a nan gefe, kusa da gindi. Na cire yatsa, kun ga ruwa na tsartuwa. Yanzu zan hau teburin nan in sake ta, ku kuma ku zuba wa hujin ido. Na gaba, ku ɗan ja baya. (Dariya.) Kun gani? Tana barin hannuna tsartuwar ta ɗauke, sai da ta bugi ƙasa. Lokacin da take hannuna, ruwan sama na danne na ƙasa, shi ya sa yake neman mafita. Da na sake ta, gora da ruwa suka kama faɗuwa tare, babu mai danne wani. Ku gwada a gida, amma a tsakar gida, kada iyayenku mata su yi kuka da ni.

Duk wannan ya tsaya ne a kan abu guda: in babu iska da za ta tare, komai da sauri ɗaya yake faɗuwa, mai nauyi da marar nauyi. Galileo ne ya tsaya a kan haka, shekara ɗari huɗu da suka wuce, yana gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci. Abu mai nauyi an fi jan sa, gaskiya ne, amma kuma ya fi wuyar motsawa, sai biyun su kashe juna. A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a kan Wata, inda babu iska, guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan, ya sake su a gaban kyamara. Tare suka dira.

Na ga wani ya ɗaga gira. Na san tambayar: Malam, in tashar faɗuwa take yi, tun 1998 da aka fara harhaɗa ta, me ya hana ta isowa?

Newton ya amsa wannan tun babu roka. Ya ce ka ɗauka an kafa igwa a kan dutse mai tsawon gaske, bakinta a miƙe, ba ta kallon sama. Ka harba, harsashi ya yi gaba yana sunkuyowa har ya faɗi. Ka ƙara albarushi, ya faɗi can gaba. Yanzu ku riƙe lambobi biyu. Duk abin da aka saki, a daƙiƙar farko yana sauka kimanin mita 5. Ita kuma duniya dunƙulalliya ce, in ka miƙe kilomita 8 a kanta, doronta ya lanƙwashe ƙasa da kimanin mita 5. Saboda haka in harsashi na cin kilomita 8 a daƙiƙa guda, ya sauka mita 5, ƙasa ma ta kauce masa da mita 5. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba. Daƙiƙa ta biyu haka, ta uku haka, har ya zagayo ya dawo ta bayan igwar. Abin da tashar ke yi ke nan. Gudunta kusan kilomita 28,000 ne a awa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90, mutanen ciki na ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Shi ya sa in kun lura, roka ba ta daɗewa tana miƙewa sama, sai ta karkata. Hawa kilomita 400 ƙaramin aiki ne a kan samun wannan gudun na gefe, nan yawancin man ke ƙarewa.

Ba ma sai an je sama ba. A Bordeaux ta Faransa akwai jirgin da ake horar da 'yan sama-jannati da shi: ya ɗaga hanci ya hau, matuƙa su rage wuta, ya bi irin hanyar da dutsen da aka jefa ke bi. Na ciki su yi daƙiƙa 22 suna lilo, alhali jirgin bai fi tsayin da jiragen fasinja ke bi ba. Wasu kan yi amai, wannan kuma ba a cika sa shi a bidiyo ba. A Bremen ta Jamus kuma akwai hasumiya mai tsawon mita 146 da ake zuƙe iskar cikinta a sako kayan gwaji, su sami ƙasa da daƙiƙa 5 babu nauyi. Wannan tunanin dai, na cewa mai faɗuwa ba ya jin nauyinsa, shi ya faɗo wa Albert Einstein a 1907 yana zaune a ofis a birnin Bern, kuma daga nan ya kama hanyar da ta kai shi ga sabon bayaninsa na jan ƙasa. Wannan sai wata laccar.

Jiki kuwa ba ya son wannan hutu. Ƙashin da ba ya ɗaukar kaya zubewa yake yi, kusan kashi 1 cikin 100 a wata a ƙugu da gadon baya. Jini ya taru a saman jiki, fuska ta kumbura, ƙafafu su sirance. Dole kowane ɗan sama-jannati ya yi motsa jiki na kamar awa biyu kullum, kuma sai an ɗaure shi da majanyi a kan injin gudu, in ba haka ba takun farko zai cilla shi rufi.

Akwai tambaya? Na'am, 'yar'uwa, ɗaga murya.

Tana tambaya, in ɗan sama-jannati ya fita waje gyara, sifana ta kuɓuce masa, za ta faɗo mana a ka? Tambaya mai kyau. Ba za ta zubo kai tsaye ba, domin ita ma tana ɗauke da gudun nan na kilomita 28,000, sai ta ci gaba da zagaye kusa da tashar. An ma yi haka. A Nuwamban 2008 jakar kayan aiki ta suɓuce wa wata 'yar sama-jannatin Amurka tana tsakiyar gyara. Jakar ta yi ta kewaya duniya, har masu na'urar hangen nesa suna hango ta daga ƙasa. Sai dai a wannan tsayin akwai sauran ɓurɓushin iska, tana rage wa abu gudu a hankali, yana saukowa. Ita kanta tashar lokaci-lokaci sai an kunna injin an ɗaga ta. Jakar ba ta da inji, saboda haka a Agustan 2009 ta shigo cikin iska mai kauri ta ƙone ƙurmus.

Saura tambaya ɗaya, an kusa kiran Magariba.