Hoton barkwanci a lokacin kullen Kano

A tsakiyar Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona. Kantin Kwari a garƙame, kasuwar Singa shiru, ga azumi a bakin ƙofa. Ba zaman majalisa, ba gidan kallon ƙwallo. Sai majalisar samari ta tattara ta koma WhatsApp da Facebook.

Ku duba yadda ake haɗa hoton barkwanci. Ana ɗauko fuskar da kowa ya sani, galibi daga fim ɗin Kannywood, a tsayar da hoton daidai inda ɗan wasa ya zaro ido ko ya rafka tagumi. Sai rubutu layi biyu: na sama ya kafa zance, na ƙasa ya kayar da shi. Misali, sama: "An ce a zauna a gida." Ƙasa: "Tukunya ta ce ita ba a sanar da ita ba." Rubutu ya wuce haka, ba mai tsayawa ya karanta. Hoto kuma ba ya cin data kamar bidiyo, shi ya sa yake saurin zaga gari.

Wannan dariyar tana da aiki. Wanda sai ya fita yake samun na cefane, da wuya ya ce yana cikin tsoro, amma zai iya tura sitika, abokai su gane.

Inda ake samun matsala shi ne idan hoto ya bar zauren da aka ƙirƙire shi. Abokai sun san wasa ne da aka ce zafin Kano zai ƙone cutar, ko kuwa cutar masu hawa jirgi ce. Da ya isa zauren dangi, an yanke sunan mai shi, sai Baba ya karanta shi a matsayin labari, ya ajiye takunkumi. A watan Afrilun 2020 ɗin ne ma WhatsApp ya taƙaita saƙon da aka yi ta turawa, ya zama wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi a lokaci guda.

Sai kuma lokaci. Bidiyon 'yan Gana masu rawa da akwatin gawa ya ba duniya dariya a shekarar. Amma a makonnin da masu haƙar kabari a Kano ke cewa aiki ya yi musu yawa, wanda ya ɗora shi a sitatus bai san ko cikin masu kallo akwai wanda ya dawo daga maƙabarta da safen nan ba.