Sharhi: Dogon hutu ya kama, me yaranmu za su karanta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Makarantu sun rufe, sai kuma cikin Satumba. Yaran ƙaramar sakandare, 'yan shekara 12 zuwa 15, kowa da inda hutu ya jefa shi. Wani yana gona tare da mahaifinsa tunda damina ce, wata an ɗora mata farantin dafaffiyar masara tana bin motoci a Kwangila, wani an biya masa kuɗin lesin, wani kuwa waya ce a hannunsa tun safe har barci ya sace shi. Ba zargin kowa nake yi ba, halin rayuwa ne. Amma a cikin makonnin nan duka, rabin sa'a a kullum ba za ta gagara ba, kuma ita nake roƙa wa littafi.

A makaranta ana koya musu darasin zama ɗan ƙasa na gari. Yaro zai haddace ma'anar gaskiya da riƙon amana, ya san cewa sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowane ɗan Najeriya mutunta sauran 'yan ƙasa da zama da su lafiya, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci maki. Ana tashi tara kuma sai ka gan shi yana kwaikwayon Hausar ɗan ajinsu Bayarabe, sauran suna shewa. Hadda ba ta sa tausayi. Abin da ke sa shi labari ne, wanda zai shigar da yaro cikin halin wani har ya ji zafin da wancan ya ji.

Mu kuwa Zazzagawa ba mu da uzuri ko kaɗan. A nan Zariya Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ku dubi ma waɗanda gasar ta fito da su: Imam da yayansa Bello Kagara, da Muhammadu Gwarzo, da Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauchi, da John Tafida ɗan Wusasa, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East. Wato tun tushe, littafin Hausa ba na gari ɗaya ba ne, ba kuma na gida ɗaya ba.

A ba yaro Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Labarin ƙaramin yaro ne da aka sace aka bautar, aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Littafin siriri ne, kwana uku sun ishe shi. In ya gama, a zauna da shi kan tabarma bayan sallar isha'i a tambaye shi: da kai aka ɗauka fa? Su wa suka kyautata wa Umar alhali ba danginsa ba ne? Wallahi amsar da ɗan shekara 13 zai bayar za ta ba babba mamaki. Wannan zaman shi ne rabin karatun. Magana Jari Ce kuwa ba sai na yi dogon bayani ba. Aku da labari kawai ya tsare Musa ɗan sarki daga makircin waziri.

Kada a tsaya a Hausa. Chinua Achebe yana da ɗan littafi na yara da Turanci mai sauƙi, Chike and the River, kan yaron da ke Onitsha yana mafarkin ƙetare kogin Neja. Cyprian Ekwensi, Inyamurin da aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia kan mutanen Arewa. Yaron da ya tashi a Ƙofar Kuyambana, wanda bai san Sabon Gari ba sai in an je sayen kayan Sallah, bai taɓa leƙa Wusasa ba, gara ya fara sanin ɗan Kudu da maƙwabcinsa Kirista ta labari, kafin wani ya zo ya cusa masa nasa bayanin. Dattawan garin nan ba su manta rikicin 1987 ba, matasa ma sun ga na 2011. Mun san yaran wa aka riƙa sawa a gaba.

Na san za a ce littafi ya yi tsada. Gaskiya ne. To gida biyar a layi ɗaya kowa ya sayi guda, a riƙa musanya duk Juma'a. Uwar da ba ta yi boko ba ta sa ɗiyarta ta karanta mata da ƙarfi tana tsintar shinkafa, ita ma ta yi mata tambayoyi. Shugabannin makarantu kuma, don Allah a buɗe ɗakin karatu ko da sau biyu a mako, a daina kulle littattafai a kabad gara tana ci. Ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo da ke zaune a unguwanninmu, kowa ya tara yara goma a zaure ko harabar coci ranar Asabar ya karanta tare da su.

Sai iyaye maza: in an raba lokacin karatu, a tuna da 'yan mata. Da wanke-wanke, da raino, da talla, su ne yini ke ƙare wa ba su buɗe shafi ba. A sauke mata wani aikin, ɗan'uwanta ya ɗauka.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.